Lanƙwasar babbar jijiyar jini da jijiyoyin kafaɗa: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa irin waɗanda 'yan'uwanmu mazauna Makka, Jidda, Madina da Ɗa'if suke fitowa da su ne daga asibiti, riƙe da takardar da aka rubuta da Larabci ko Turanci, bayan likita ya yi bayani a gurguje kuma kunya ta hana a ce masa ba a gane ba. Wasu kuma na alhazai ne da ciwo ya kama a tsakiyar ibada. Dukkansu sun shafi wani ɗan yanki ne na ƙirji da bai wuce tafin hannu ba, inda babbar jijiyar jini take lanƙwasa ta ba kai da hannuwa rabonsu. Cutar wannan wuri takan daɗe a ɓoye, amma sau da yawa tana barin alama a hannu, shi ya sa maganar auna jini a hannu biyu za ta yi ta dawowa a cikin amsoshin.

Mece ce awota, kuma ina lanƙwasar tata take?

Da farko sai a warware kalmar jijiya, domin a Hausa tana ɗaukar abubuwa uku da likitocin nan suke rarrabewa. Akwai shiryan, wato jijiya mai bugawa da ke kai jini daga zuciya zuwa jiki, akwai warid mai mayar da jini zuciya, akwai kuma asab wadda ba jini take ɗauka ba sai saƙon ji da motsi. Awota ita ce uwar dukkan jijiyoyi masu bugawa, kuma a takardun asibiti za a ga an rubuta al-abhar ko al-orɗi. Malaman tafsiri da dama sun fassara al-watin, da ta zo a aya ta 46 ta Suratul Haƙƙa, da jijiyar da zuciya ke rataye da ita, wadda idan ta yanke rai ya fita.

Faɗinta a ƙirjin baligi yakan kai santimita 3 ko kusa da haka. Tana fita daga ɗakin hagu na ƙasan zuciya, ta haura kamar santimita 5 a bayan ƙashin ƙirji, sannan ta karkata baya da hagu kamar mariƙin kwagiri, ta gangara a gefen ƙashin baya zuwa ciki. Wannan karkata ita ce lanƙwasar, ƙaus da Larabci. Tana maƙwabtaka da maƙogwaro, da bututun abinci, da wata asab mai motsa igiyar murya ta hagu wadda ta zagayo ta ƙarƙashinta. Wanda ya riƙe wannan maƙwabtaka zai gane dalilin da ya sa ciwon jijiyar jini yake iya zuwa da dishewar murya ko wahalar haɗiya.

Waɗanne rassa ne suke fita daga lanƙwasar?

Uku ne a wajen akasarin mutane. Na farko wani gajeren kututture ne da ke rabuwa biyu, reshe ɗaya ya hau wuyan dama zuwa ƙwaƙwalwa, ɗaya ya nufi hannun dama. Na biyu jijiyar wuya ce ta hagu. Na uku jijiyar da ke nufar hannun hagu. Waɗannan masu nufar hannu suna bi ta ƙarƙashin ƙashin da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa, wanda Larabawa ke kira tarƙuwa, suna hawa ta kan haƙarƙari na farko, daga nan kuma sunansu ya koma jijiyar hammata. Don sauƙi za mu riƙa kiransu jijiyoyin kafaɗa.

Kowace jijiyar kafaɗa tana da 'ya'ya, kuma biyu daga ciki ne suka fi shiga maganarmu. Ɗaya tana bi ta cikin ramukan ƙasusuwan wuya ta kai jini ƙeya, inda cibiyar gani da ta daidaiton tsayuwa suke. Ɗayar tana gangarowa ta bayan haƙarƙari kusa da ƙashin ƙirji, kuma ita ce likitocin tiyata suka fi so su aro su jona wa zuciya idan jijiyoyinta sun toshe.

An yi wa ƙanwata hoton ƙirji, an ce jijiyarta ta dama ta fito ta inda ba a saba ba. Cuta ce?

A mafi yawan lokuta ba cuta ba ce, halitta ce. Tsarin rassa uku da aka bayyana yana wajen kimanin mutum 7 cikin 10 ne kawai. A wasu, reshe na farko da na biyu tushensu ɗaya ne, kuma babu abin da hakan yake hana su. A kimanin mutum 1 cikin 100 kuwa, jijiyar kafaɗar dama ita ce ke fitowa a ƙarshe, daga can ɓangaren hagu, sai ta ratsa ta bayan bututun abinci kafin ta kai hannun dama. Da alama wannan aka gani a jikin ƙanwarki.

Galibin masu wannan halitta suna tsufa ba su ma san suna da ita ba. Kaɗan ne take danne wa bututun abinci, musamman idan shekaru sun ja jijiya ta yi tauri, sai tuwo ko nama ya riƙa tsaya musu a ƙirji alhali ruwa yana wucewa. Wani likitan Ingila, David Bayford, shi ya wallafa bayanin wannan a 1794, game da wata mata da ta rasu saboda kasa haɗiyar abinci. Wani lokaci kuma tushen jijiyar yakan buɗe kamar aljihu, abin da ake kira da sunan Kommerell, likitan hoto ɗan Jamus da ya bayyana shi a 1936, kuma wannan aljihu ne ake bibiya domin yana iya girma. Idan ba ta da wahalar haɗiya kuma takardar ba ta ambaci aljihun ba, abin da ya rage mata shi ne ta adana takardar, ta nuna wa duk likitan da zai yi mata aiki a wuya ko ƙirji nan gaba.

Me ya sa ake cewa a auna jini a hannu biyu?

Domin na'urar awo ba zuciya take aunawa ba, ƙarfin jinin da ya iso hannun da aka ɗaura ta take faɗa. Idan jijiyar kafaɗa ta ƙuntata a tushenta, jinin da ke isa wannan hannu yana zuwa a raunane, sai na'ura ta nuna 120 alhali a ɗaya hannun, da cikin ƙwaƙwalwa da ƙoda, jinin yana kan 170. Mutum sai ya shekara biyar ana yi masa albishir cewa dagaɗ ɗinsa, wato awon jininsa, lafiya lau, har ranar da shanyewar ɓarin jiki za ta same shi. A mustausaf, wato ƙaramin asibiti, mai cunkoso ma'aikaciyar jinya takan kama hannun da ya fi kusa da ita ne kawai, wanda kuwa yake da na'ura a gida yakan saba da hannu ɗaya, galibi na hagu, kuma jijiyar hagu ce ta fi toshewa, kusan ninki uku na ta dama.

Ƙa'idar ba ta da wuya. A zauna a huta minti 5, a auna dama, a auna hagu, a sake. Ɗan bambanci da bai kai maki 10 ba a lamba ta sama abu ne da aka saba gani. Idan bambancin ya wuce maki 15 kuma ya maimaita kansa, to a kai wa likita wannan magana da lambobin a rubuce, kuma daga ranar a riƙa awo a hannun da ya fi nuna lamba babba, domin shi ne mai gaskiya. A ganina duk wanda ya haura shekara 40, da duk wanda aka fara ba maganin hawan jini komai ƙuruciyarsa, ya kamata ya roƙi a yi masa wannan ko sau ɗaya ne. Ba ya cin riyal ko ɗaya, kuma babu likitan da zai ƙi. Bambancin kansa ma saƙo ne, domin kitsen da ya toshe jijiyar kafaɗa ba kasafai yake barin ta zuciya da ta ƙafafu ba.

Baba suna turin keke a Harami. Idan suka daɗe suna aiki sai hannun hagu ya sage, jiri ya ɗebe su. Me ya haɗa hannu da jiri?

Allah ya ba su lafiya. Abin da ka bayyana ya yi kama da abin da likitoci suke kira satar jini. Idan jijiyar kafaɗa ta toshe kafin wurin da 'yarta mai zuwa ƙeya take fita, hannu yakan rasa isasshen jini lokacin aiki, sai jinin da ya hau ƙwaƙwalwa ta ɗaya ɓangaren ya juyo, ya gangaro ta wannan 'yar jijiya a baibai, ya shiga hannu. Hannu ya ci rabon ƙeya ke nan. Daga nan ne jiri, da ganin abu biyu-biyu, da tangaɗi, wani lokaci har faɗuwa suke fitowa. An fara bayyana wannan juyawar jini a 1960 da 1961.

Sai dai jiri a wajen dattijo mai aikin ƙarfi cikin zafin Makka yana da dalilai da yawa, kamar ƙarancin ruwa a jiki, saukar sukari, ciwon kunne, ko maganin hawan jini da ya yi yawa. Abin da zai karkata zato zuwa jijiyar kafaɗa shi ne bugun jini a wuyan hannun hagu ya yi rauni ko ya makara idan aka kwatanta da na dama, hannun ya fi sanyi, awon jini kuma ya bambanta. Ka kai su a yi musu hoton sauti na jijiyoyin wuya, wanda ake kira dofla. Ba allura, ba yanka, kuma yana nuna inda jini ya dosa.

Akwai mutum biyu da wannan toshewa ta fi yi wa illa. Wanda aka jona wa zuciyarsa jijiyar bayan haƙarƙari, domin a wajensa zuciya ake yi wa satar, sai ciwon ƙirji ya taso idan ya yi aiki da hannun hagu. Sai kuma mai wankin ƙoda da aka buɗe wa hanya a wannan hannu.

Yaya ake maganin toshewar?

Wanda ba ya jin komai, magani ake ba shi, ba a taɓa jijiyar. Asfirin, maganin rage kitsen jini, saita hawan jini da sukari, da barin taba gaba ɗaya, kuma shisha tana cikin lissafin taba ko da an zuba mata ƙamshin tuffa. Wanda jiri ko ciwon hannu ya hana sana'a, ko yatsunsa suka fara miki, shi ake yi wa ƙasɗara: a zura siririn bututu ta gindin cinya ko ta hannu, a hura balan-balan a wurin da ya ƙuntata, a bar ragar ƙarfe da ake kira da'ama ta riƙe wurin a buɗe. Idan jijiyar ta toshe ƙurmus ko ragar ta sake cikewa, sai a yi ɗan yanka a gindin wuya a jona jijiyar wuya da ta kafaɗa, ba tare da an buɗe ƙirji ba, kuma wannan jonin yana daɗewa ƙwarai.

'Yata shekararta 24, ba ta da ƙiba, ba ta da sukari, amma an kasa jin bugun jini a hannunta. Ta yaya yarinya za ta sami toshewar jijiya?

A wannan shekaru ba kitse ake fara zargi ba, kumburin bangon jijiya ake zargi, wato cutar Takayasu. Sunan na wani likitan ido ne ɗan Japan, Mikito Takayasu, wanda ya ba da rahotonta a 1908, kuma ana yi mata laƙabi da cuta marar bugun jini. Garkuwar jiki ce take juyowa kan awota da manyan rassanta, bango ya yi kauri, hanya ta tsuke. Ta fi kama mata 'yan ƙasa da shekara 40.

Abin takaici game da ita shi ne farkonta. Zazzaɓi sama-sama, kasala, rama, ciwon gaɓoɓi, gumin dare, abubuwan da a gidajenmu za a yi ta ba su sunan shawara, taifot, sammu ko iska har wata da watanni. Sai daga baya hannu ya fara gajiya wajen wanki, kitso ko shanya, a lokacin nan jijiya ta riga ta tsuke. Ana fara magani da kotizon, a haɗa da irin su methotrexate don a samu a rage kotizon ɗin, idan ta ƙi lafawa a koma allurai irin tocilizumab ko infliximab bayan an tabbatar babu tarin fuka a ɓoye. Ba a son sa raga ko yin tiyata lokacin da kumburin yake kan ganiyarsa sai dole. Hajiya, abu biyu za ki kula mata da su. Idan hannayen biyu duk sun kamu, a ƙafa za a riƙa auna mata jini. Sannan methotrexate yana lalata juna biyu, saboda haka maganar aure da haihuwa a yi ta a gaban likita tun da wuri. Masu wannan cuta suna haihuwa lafiya idan an shirya.

A wajen waɗanda suka haura 50 akwai wata 'yar'uwarta mai zuwa da ciwon kai a gefen goshi da gajiyar muƙamuƙi wajen tauna, tana iya makantarwa cikin kwanaki idan ba a fara kotizon ba. Cutar Behçet, wadda aka fi gani daga Turkiyya zuwa ƙasashen Larabawa, da tsohon tunjere da ba a yi wa magani ba, su ma suna taɓa awota.

An ce jaririnmu yana da matsewar awota. An sallame mu lafiya, me ya sa sai bayan mako guda ya rikice?

Saboda wata 'yar hanya ce ta rufa masa asiri a kwanakin farko. Ɗan tayi ba ya numfashi da huhu, don haka akwai gajeren bututu da ke haɗa jijiyar huhu da awota a ƙarshen lanƙwasa, kuma yana rufewa da kansa bayan haihuwa. Matsewar takan kasance daidai wannan wuri. Muddin bututun yana buɗe, jini yana kewayewa ya isa ciki da ƙafafu, ranar da ya rufe kuwa sai zuciya ta tarar da ƙofa a tsuke. Shi ya sa rikicin yakan faɗo daf da ranar suna ko jim kaɗan bayanta: jariri ya ƙi nono, ya riƙa haki, ya yi gumi, ya yi fari fat ko toka-toka, fitsari ya ragu. Wannan ba lokacin jiƙo ko jiran gari ya waye ba ne, a nufi ɗawari, wato sashen gaggawa na asibiti, kai tsaye. A can ana sa ruwan magani mai suna prostaglandin da ke sake buɗe bututun, jariri ya farfaɗo, sannan a yanke wurin da ya matse a ɗinke bakin biyu. Clarence Crafoord ne ya fara wannan aiki a birnin Stockholm na Suwidin a 1944, yau kuma aiki ne da cibiyoyin zuciyar yara suka saba da shi.

Idan matsewar ba ta yi tsanani ba, yaro yakan girma da ita, sai a gano ta yana saurayi da hawan jini a hannuwa, ƙafafu masu sanyi, da bugun gindin cinya mai rauni. A nan awon hannu da ƙafa ne ke tona ta, kuma akan gyara ta da raga. Kusan rabin masu ita suna da ƙofar awota mai ganye biyu maimakon uku, saboda haka ko bayan gyara ba a sallamarsu daga bibiyar likitan zuciya har tsufa. Wani jaririn kuma lanƙwasa biyu ake haifarsa da ita, su yi wa maƙogwaro zobe, ya riƙa numfashi da ƙara ana ta ba shi maganin asma ba ya ji.

Mene ne kumburin lanƙwasa, kuma yaushe ake yin tiyata?

Larabci yana ce masa tamaddud ko ummud-dam. Bango ne yake rauni saboda shekaru, hawan jini, taba ko gado, sai jijiya ta riƙa buɗewa a hankali, sau da yawa milimita 1 ko 2 a shekara. Yawanci a hoton da aka ɗauka don wata larura ake cin karo da shi. Idan ya yi magana, ta bakin maƙwabta yake yi: murya ta dishe makonni babu mura, tari marar dalili, abinci ya riƙa tsayawa, ko ciwo tsakanin allunan kafaɗa.

Ma'aunin da aka fi bi shi ne a yi aiki idan faɗin ya kai santimita 5.5, ko yana girma da sauri, ko ya fara ba da alamu. Masu cututtukan gado irin Marfan ana yi musu tun bai kai haka ba. Kafin nan aikin majiyyaci shi ne saita jini, zuwa hoto a kan lokaci, da barin ɗaukar kaya mai sa a riƙe numfashi a yi nishi, ko buhun shinkafa ne ko jarkar zamzam. Ya kuma gaya wa duk mai rubuta masa magani, domin tun Disamba 2018 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa dangin ciprofloxacin, wanda mutanenmu suka saba sha don taifot da ciwon fitsari, yana ƙara haɗarin tsagewar awota ga masu irin wannan rauni.

Ta yaya za a gane tsagewar awota?

Bangon awota hawa uku ne. Idan na ciki ya yage, jini yakan kutsa tsakanin hawa da hawa ya yi wa kansa hanyar ƙarya, yana ɓarka bangon yana danne rassan da ya tarar. Ciwon yana zuwa farat ɗaya, da cikakken ƙarfinsa tun daƙiƙar farko, kamar an soka wuƙa ko ana yaga ƙirji, yana iya ratsawa baya ko ya gangara ciki. Wani ya suma, wani baki ya karkace, wani hannu ɗaya ya yi sanyi bugunsa ya ɓace. A kira motar agajin gaggawa ta Hilal Ahmar a 997, ko 911 a yankin Makka, a faɗa musu yadda ciwon ya faro, kada a ba shi abinci, kada kuma ya tuƙa kansa. Kada tsoron maganar iƙama (takardar zama) ko ta'amin (inshorar lafiya) ya sa a ajiye irin wannan majiyyaci a ɗaki ana shafa masa man zafi.

Likitoci suna raba ta biyu. Nau'in A ya taɓa ɓangaren da ke haurawa daga zuciya, kuma idan ba a yi tiyata ba ana rasa 1 zuwa 2 cikin 100 na masu shi a kowace awa a kwana biyun farko. Nau'in B ya faro ne bayan jijiyar kafaɗar hagu, galibi ana fara shi da magani ta jijiya don a saukar da bugun zuciya zuwa wajen 60 da jini zuwa tsakanin 100 da 120, sai idan ya hana wata gaɓa jini ko yana neman fashewa a sa masa raga mai rufi daga ciki. Sarkin Ingila George na II da ita ya mutu a 1760. Michael DeBakey, likitan Amurka da ya tsara yadda ake rarraba ta da ɗinke ta, ita ta kama shi, aka yi masa aikin a 2006 yana da shekara 97, ya kuma rayu har 2008.

Tunda ƙwaƙwalwa daga nan take samun jini, ta yaya ake canza lanƙwasar mutum bai mutu ba?

Da sanyi. Ana jona majiyyaci da injin da ke aikin zuciya da huhu, a sanyaya jininsa har jiki ya sauka zuwa digiri 18 ko 20, inda ƙwaƙwalwa take rage buƙatarta ƙwarai, sannan a tsayar da gudun jini na kimanin rabin awa a ɗinka bututun roba a madadin lanƙwasar. Randall Griepp ne ya kafa wannan hanya a 1975. Yanzu cibiyoyi da yawa suna tsayawa a digiri 24 zuwa 28, suna kuma ci gaba da tura wa ƙwaƙwalwa jini ta jijiyar hammatar dama. Idan cutar ta zarce baya, akwai dabarar da Hans Borst na Jamus ya fito da ita a 1983, mai suna hancin giwa, domin ana barin jelar bututun tana reto a cikin awota don aiki na gaba. Ga wanda jikinsa ba zai ɗauki buɗe ƙirji ba, akan karkatar da rassan ta wuya a sa raga mai rufi ta cinya. Babban aiki ne, kuma shanyewar jiki, rauni ga ƙoda da dishewar murya suna cikin haɗarin da ya wajaba a tambayi likita dalla-dalla kafin a sa hannu. Ba kowane asibiti yake yin sa ba, akan tura mutum manyan cibiyoyi irin Madinatul Malik Abdullah a Makka, cibiyar zuciya ta Madina, ko asibitin Malik Faisal na Jidda da Riyad.

Haɗarin mota yana iya taɓa wannan wuri?

Ƙwarai kuwa. Idan mota mai gudu ta tsaya nan take, lanƙwasa tana lilo gaba alhali ɓangaren da ke gangarawa a ɗaure yake, sai ta yage daf da bayan jijiyar kafaɗar hagu, ko da babu rauni a fata. Wanda ƙirjinsa ya bugi sitiyari ya yarda a yi masa hoto ko yana jin garau.

Akwai wani ƙulli mai bugawa a saman kafaɗar yayana. Wanzami zai iya tsaga shi?

A'a, ko kusa. Ƙullin da ke bugawa tare da zuciya jijiya ce, aska kuwa idan ta shige ta babu mai iya tsayar da jinin a gida. Sau da yawa a wajen tsofaffi jijiya ce kawai ta yi tsawo ta karkace, musamman a dama. A wajen matasa yana iya zama ƙarin haƙarƙari a gindin wuya, wanda ake haifar ƙasa da mutum 1 cikin 100 da shi, yana matse jijiyar har ta kumbura ta riƙa jefa gudajin jini zuwa yatsu. Ƙaho ma jinin fata yake ja, ba ya kaiwa jijiyar da ke bayan ƙashi balle ya buɗe ta, kuma mai shan maganin tsinka jini ya nemi izinin likita kafin a yi masa.

Ana gadon waɗannan cututtuka?

Toshewar kitse tana bin hali da abinci fiye da jini, Takayasu kuma ba a gadonta kai tsaye. Buɗewar awota da tsagewarta ne suke bin dangi, domin kusan 1 cikin 5 na masu su suna da wani na kusa mai irin larurar. Marfan daga mahaifi ɗaya ake ɗaukarta, kowane ɗa yana da rabin yiwuwa, ko auren zumunci ne ko na bare. Idan an sami mutum ɗaya a gida, iyaye, 'yan'uwa da 'ya'ya su yi hoton zuciya. A tuna da waɗanda ke Kano, Zinder ko Maiurno, a kuma binciki labarin duk wanda aka ce ya faɗi ya mutu fuju'a yana da sauran ƙuruciya.

Mai wannan larura zai iya azumi da aikin Hajji?

Wanda cutarsa take kwance kuma jininsa ya saitu galibi yana iya azumi, idan likita ya mayar masa da magunguna zuwa buɗa-baki da sahur. Abin da ba a yi shi ne mutum ya ajiye maganin rage bugun zuciya irin Concor da kansa saboda Ramadan, domin barinsa kwatsam yana sa bugu da jini su yi tsalle. Wanda bai daɗe da tsagewa ko tiyata ba, rangwamen marar lafiya ya hau kansa, ya sha ya rama. Wanda aka buɗe wa ƙirji yana buƙatar wata 2 zuwa 3 kafin ƙashi ya kama, a cikinsu ba ya ɗaukar abin da ya wuce kilo 5, ba ya shiga turmutsitsi. Ɗawafi da sa'ayi a kan keke sun halatta ga mai uzuri, haka ma wakilta wani ya yi masa jifa. Maniyyacin da zai taso daga gida ya zo da maganin da zai ishe shi har komawa, da faifan hotonsa na ƙarshe, da 'yar takarda a cikin jakar wuyansa da ke faɗin faɗin jijiyar, sunayen magungunan, da hannun da ya kamata a auna masa jini.